Babi na Shida: Asawase, Mazaɓar Zango a Tsakiyar Kumasi

Yankin Ashanti na da kujeru 47 a majalisar dokokin Gana, fiye da kowane yanki a ƙasar. Tun daga zaɓen 1996 jam'iyyar NPP mai alamar giwa ke kwashe mafi yawansu, har ta kai ga a birnin Kumasi duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani na NPP akan fara yi masa barka tun kafin a je akwati a watan Disamba. Bantama, Subin, Suame, Kwadaso, Asokwa, Manhyia ta kudu da ta arewa, duk giwa ce. Wuri ɗaya ne kawai lissafin ke karyewa. In ka bar fadar Manhyia, inda Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake zaune, ka yi gabas a ƙafa, kafin gumi ya keto maka ka shiga Asawase. Tun da aka yanka wannan mazaɓa a 2004, ba a taɓa ƙirga ƙuri'ar ɗan majalisa a cikinta giwa ta zo ta ɗaya ba. Lema ce ke ci, alamar jam'iyyar NDC.

Sunan unguwa ɗaya mazaɓar ta ɗauka, amma unguwanni da yawa ta haɗa: Asawase kanta, Aboabo ta ɗaya da ta biyu, Akwatia Line inda babban masallacin Kumasi yake, Sawaba, Adukrom, har zuwa Asokore Mampong, tsohon garin Tonawa, wato mutanen Asante, mai sarkinsa na gargajiya, wanda ya zama hedikwatar ƙaramar hukumar yankin a 2012. Baƙon da ya taso daga Kano ko Damagaram ya sauka a Aboabo da asuba zai ɗauka gida ya zo. Ga kiran salla daga kowace kusurwa, ga mai koko da ƙosai, ga mai wake da shinkafa tana zuba wa mutane a ganye, ga ciniki da Hausa. Sai ya zauna ya fara tambayar asali sannan zai gane cewa Hausawan jini tsiraru ne a cikin masu wannan Hausar. Akwai Mosawa waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Wagadugu da Yatenga, akwai Dagwamba, Wangarawa, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, Busanga, da Farafara waɗanda da yawansu ma Kiristoci ne. Hausa ce igiyar da ta ɗaure su, Hausar da ta sha ruwan Kumasi har ta daina damuwa sosai da bambanta “ya” da “ta”. Yaron Aboabo kan juya harshe zuwa Tonanci a tsakiyar magana ba tare da ya lura ba.

Wanda ke son ya gane ƙuri'ar waɗannan mutane sai ya koma baya, kuma farkon zancen goro ne. Shekaru aru-aru fataken Gwanja suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron dajin Asante. Amma a mafi yawan ƙarni na 19 ba sa isa Kumasi. Sarakunan Tonawa sun tsayar da kasuwar a Salga, can arewa, domin ribar hanyar daji ta zauna a hannunsu. Musulmin da ke cikin Kumasi a lokacin malamai ne da ’yan kasuwa na kusa da fada, masu yi wa sarki rubutu da laya da wasiƙu. Turawan Ingila biyu da suka je birnin, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun ba da labarinsu. Zuriyar wasu daga cikinsu ta narke cikin Tonawa, kuma har gobe fada na da limaminta daga cikinsu.

Zango irin wanda muka sani yau ɗan zamanin Turawa ne. A 1874 Ingila ta ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya kwance. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga kanta, fatake da malamai suka bazu, wasu Karaci, wasu Kintampo, wasu kudu. A 1896 aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka murƙushe boren Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi. Ƙofar da aka daɗe da rufewa ta buɗe. Goro ya koma bin jirgi zuwa gaɓar teku, daga nan ta ruwa zuwa Ikko, gonakin koko kuma suka fara neman hannu, sai ’yan ƙwadago suka kwararo daga arewa da ƙasar Mosi. Akwai abu ɗaya a nan da ’yan Zango ba su cika son a tuna ba, amma tarihi ne: a rundunar da Turawa suka ci Asante da ita akwai sojan da ake kira Hausawa, ko da yake sunan ya haɗa duk wani ɗan arewa mai jin Hausa. Wato baƙin sun zauna Kumasi ne a ƙarƙashin inuwar wanda ya ci garin da yaƙi. Turawa suka naɗa Sarkin Zango, suka bar masa shari'ar mutanensa na wani lokaci. Da aka maido da sarautar Asante a 1935, Zango ya koma ƙarƙashin Manhyia, kuma tun daga nan zaman ya zama na mai gida da baƙonsa: ƙasa ta Tonawa ce, ɗan Zango na da ginin da ke kanta. Ita unguwar Asawase gwamnatin mulkin mallaka ce ta gina rukunin gidajenta a shekarun 1940, lokacin da sojojin yaƙin duniya na biyu ke dawowa suna neman matsuguni.

Yanzu ga abin da zai ba matashin Aboabo mai ɗaura ƙyallen lema a wuya mamaki. Kakanninsa da Tonawa suka fara siyasa, a gefe ɗaya, suna adawa da Kwame Nkrumah.

A 1954 Musulmin Akara da Kumasi suka mayar da ƙungiyarsu jam'iyya, MAP. A watan Satumba na wannan shekara aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, ɗaya daga cikin manyan masu magana da yawun Sarkin Asante, saboda fushin manoma kan farashin koko da gwamnati ta danne da kuma neman tsarin tarayya. Manyan Zango suka duba suka ga inda suke kwana. Dillalan goro ne da na shanu, masu gidajen saukar baƙi, arzikinsu a hannun fada yake. Suka bi NLM. Shekaru biyu Kumasi tana cikin jifa da ƙone-ƙone tsakanin magoya bayan NLM da na CPP ta Nkrumah, kuma samarin Zango na cikin waɗanda aka tura gaba a kowane ɓangare. Nkrumah ya ci zaɓen 1956, aka sami ’yanci ranar 6 ga Maris 1957, kuma bai manta ba. Kafin shekarar ta ƙare aka ba da umarnin korar manyan jagororin Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya. Suka garzaya kotu suka ce su ’yan Gana ne. Gwamnati ba ta jira alƙali ba, ta kai wa majalisa doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun, aka zartar, aka fitar da su. A watan Disamba aka haramta duk jam'iyyar da ta tsaya kan addini ko ƙabila ko yanki. MAP da NLM da sauran ’yan adawa suka narke cikin jam'iyyar UP, wadda Dakta Kofi Busia ya jagoranta. Wannan UP ita ce kakar NPP ta yau.

Da a nan labarin ya tsaya, da Asawase ta fi kowace mazaɓa riƙon giwa, domin Zango ya sha wuya saboda wannan gida. Amma a 1969 Busia ya zama firaminista, kuma ranar 18 ga Nuwamba, gwamnatinsa ba ta cika wata uku ba, ta fitar da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ƙidayar 1960 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas a Gana asalinsa daga waje ne. Wa ke da takarda? Mutumin da ubansa ya zo da jaki tun kafin a ja iyaka, wanda aka haifa a Aboabo, bai taɓa ganin Sakkwato ko Ogbomoso ba, wace takarda zai nuna? Haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa ba, sai an duba iyaye. Ɗaruruwan dubban mutane suka fita, mafi yawansu ’yan Nijeriya, sai na Togo da Nijar da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan kuɗin mota. An raba mata da miji, an raba ’yan uwa ciki ɗaya. Waɗanda suka rage sun rage ne cikin ɗar-ɗar, wasu suka canza suna, wasu suka nemo wa kansu asali a wani ƙauye na arewacin Gana.

Mu ’yan Nijeriya ba mu da bakin yin tsiya a nan. A 1983 gwamnatin Shagari ta rama da kari, ta kori ’yan Gana kimanin miliyan ɗaya, kuma jakar da suka zuba kaya a ciki har yau da sunansu muke kiranta a kasuwa.

Abin da 1969 ta koya wa Zango shi ne cewa abokin tafiya na jiya yana iya tambayarka takarda yau. Nkrumah ya kori mutum biyu da ’yan wasu, Busia ya taɓa kowane gida. Tsofaffin da suka ga motocin kaya cike da maƙwabtansu sun ba ’ya’yansu labari, ’ya’yan suka ba jikoki, har ya zama a Aboabo ba sai an karanta manufar jam'iyya ba. Da Jerry Rawlings, uban NDC, ya zo, ya iske ƙasa a share. A zamaninsa aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ma'aikatar ilimi a 1987, wanda ya shigar da makarantun allo da na Islamiyya da yawa cikin tsarin gwamnati, ana biyan malamansu. A zamaninsa, a tsakiyar shekarun 1990, aka mai da ƙaramar salla da babba ranakun hutu na ƙasa. Wani zai ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga mutumin da aka taɓa ce wa ya tattara ya tafi, ranar da gwamnati ta rufe ofisoshinta saboda sallarsa ba ƙaramar rana ba ce.

Ita mazaɓar kanta, a zamanin gwamnatin NPP ta John Kufuor aka haife ta. Hukumar zaɓe ta ƙara kujerun majalisa daga 200 zuwa 230 kafin zaɓen 2004, aka raba tsohuwar mazaɓar Asokwa ta Gabas, unguwannin Zango suka taru a wuri ɗaya. Sakamakon bai ɓoyu ba. Dakta Gibril Adamu Mohammed na NDC ya ci kujerar a Disamba, amma Allah bai ba shi tsawon rai a kanta ba, ya rasu a farkon 2005. A zaɓen cike gurbi na watan Afrilu, NPP na kan mulki kuma a cikin gidanta ake zaɓen, ta zuba duk abin da take da shi. Wani matashi mai shekara talatin da ’yan kai, Mohammed Mubarak Muntaka, ya riƙe wa NDC kujerar. Ya sake ci a 2008, 2012, 2016, 2020 da 2024.

Tafiyar Muntaka ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A 2009 Shugaba Atta Mills ya ba shi ministan matasa da wasanni, bai yi rabin shekara ba ya sauka saboda zargin kashe kuɗin ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, jaridu suka yi ta yi masa ba'a. Da yawa sun ɗauka ya gama. Asawase ta mayar da shi, ya zama mai tsawatarwa na jam'iyyarsa a majalisa, yana masu rinjaye yana marasa rinjaye, har zuwa 2023. Daren da ’yan Gana ba za su manta da shi ba shi ne na 6 zuwa 7 ga Janairu 2021. Zaɓen 2020 ya bar majalisa kunnen doki, NPP 137, NDC 137, da ɗan takara mai zaman kansa ɗaya. Ana zaɓen shugaban majalisa, rikici ya kai har sojoji suka shiga zauren. Ana cikin ƙirga, ɗan majalisar NPP mai wakiltar Tema ta Yamma, Carlos Ahenkorah, ya wawuri takardun ƙuri'a ya ruga. Muntaka ya bi shi da gudu a gaban kyamarori ya tare shi. Gari ya waye Alban Bagbin na NDC ne shugaban majalisa. A Kumasi wasu sun ce abin kunya ne ga majalisa gaba ɗaya, kuma gaskiyarsu. A majalisun shayi na Aboabo kuwa cewa aka yi ɗan Zango ba a ƙwace masa abu a tafi.

Kada a ɗauka NPP ta naɗe hannu. Ta san ciwon, ta kuma nemi maganinsa da gaske. Manyanta sun sha nesanta kansu da abin da ya faru a 1969. Kufuor ya ɗauki Musulmi, Alhaji Aliu Mahama, mataimaki na shekara takwas. Nana Akufo-Addo ya ɗauki Dakta Mahamudu Bawumia, kuma da ya hau mulki a 2017 ya buɗe ma'aikata sukutum ta raya Zango da tsofaffin unguwannin birni, da asusu na musamman da doka ta kafa. An yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an yi azuzuwa da magudanai. Tsarin Gana ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shugaban ƙaramar hukuma, don haka a Asokore Mampong aka naɗa ɗan Zango, Alhaji Alidu Seidu, wanda shi ne ya kara da Muntaka a 2016, ya sake karawa da shi a 2020 yana riƙe da ofis. Bawumia ya ɗauki nauyin gyaran babban masallacin Kumasi, aka buɗe shi a 2023. A 2024 NPP ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, karo na farko da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta tsayar da Musulmi. Abokin karawarsa John Mahama Kirista ne. Asawase ta yi salla a masallacin da Bawumia ya gyara, ta fito ta zaɓi Mahama.

Mai karatu daga arewacin Nijeriya, inda aka saba jin wa'azin ƙuri'a daga kan mumbari, ya kamata ya dakata a nan. Ba addini ke jan ƙuri'ar Asawase ba, ba kuma ƙabila ba, domin ƙabilun sun fi ashirin kuma ɗan majalisar kansa ba Bahaushe ba ne, asalinsa arewacin Gana. Abin da ke jan ta tambaya ɗaya ce: wa zai tsaya mini ranar da aka ce ni ba ɗan ƙasa ba ne? Kuma tambayar ba ta tsufa ba. Duk lokacin da za a sabunta rajistar masu zaɓe sai an tayar da zancen baƙi da suka cika littafi, kuma kowa ya san unguwannin da ake nufi. A 2016 kotun ƙoli ta sa aka goge sunayen waɗanda suka yi rajista da katin inshorar lafiya. A 2020 ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. A shari'ance hukuncin ya shafi kowa. A layin rajista kuwa, mai suna Kwabena ba a cika tambayarsa garin kakansa ba, mai suna Garba ko Wedraogo shi ake tsayarwa.

Ga kuma abin da ya faru a watan Yuli 2018. ’Yan sanda suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta suka ce ’yan fashi ne. Mutanen Asawase suka ce ’ya’yansu ne, sun san su, sun san sana'arsu. Unguwa ta tashi, aka ƙona tayoyi, sai da malamai da sarakunan Zango suka shiga tsakani. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar cewa mamatan ’yan fashi ba ne, aka dakatar da ’yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Ya kamata a yaba wa gwamnatin NPP da ta bari aka yi binciken. Amma abin da ya zauna a zuciyar unguwa shi ne yadda aka yi saurin yarda cewa saurayin Zango ɗan fashi ne.

To me wannan riƙon amana ya saya wa Asawase? A nan ne nake ganin ya kamata ’yan Zango su yi wa kansu hisabi. Rafin Aboabo har yanzu juji ne, duk damina sai ya shiga ɗakunan mutane. Gidan haya ɗaya na ɗauke da iyali goma ko fiye, da yawa babu makewayi sai na kuɗi a bakin titi. Samari na fasa tsofaffin ƙarafa da ƙona waya don cire tagulla, ’yan mata daga arewa na dakon kaya a kai a kasuwar Kejetia su dawo su kwana a rumfa. NDC ta yi mulki daga 2009 zuwa farkon 2017, waɗannan abubuwa ba su gushe ba. Gaskiya ne ɗan majalisa a Gana ba shi ke gina titi ba, ɗan kason da yake samu daga asusun ƙananan hukumomi ba ya kai ko'ina, kuma rabin ƙarfinsa na tafiya ne wajen kuɗin makaranta da asibiti da suna da jana'iza, domin a Zango wakilin da ba a gani wajen zaman makoki ba wakili ba ne. Duk da haka, jam'iyyar da ta san ba za ka taɓa barinta ba ba ta da dalilin yin sauri, wadda kuma ta san ba za ka taɓa zuwa ba wata rana za ta gaji da kira. Matasan da aka haifa bayan 2000 sun fara faɗin haka a fili. Shi ya sa zafin siyasar Asawase ya koma cikin gida: zaɓen fid da gwani na NDC a 2023 ya fi wasu manyan zaɓuka ɗaci, kuma Muntaka bai tsallake shi da sauƙi ba.

Bayan nasarar Mahama a Disamba 2024, an naɗa Muntaka ministan harkokin cikin gida a farkon 2025. Ƙarƙashin wannan ma'aikata ’yan sanda suke, haka ma hukumar shige da fice, wato ofisoshin da suka fitar da Amadu Baba a 1957, suka duba takardun mutane a 1969, suka kuma amsa tambayoyi kan mutum bakwai na 2018. Mutanen Asawase sun yi shekara ashirin suna cewa ba a ba su dama ba. Yanzu an ba ɗansu, kuma a zaɓen 2028 da wannan za a auna shi da jam'iyyarsa.